Makullin ƙofar ruwa da kujerar kansila

Shekarun baya, lokacin da aka sake yanka mazaɓu a ƙaramar hukumarmu, na tafka wani sakaci da har yau in na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi.

Garinmu da garin da ke tsallaken fadama mazaɓa ɗaya muke, kuma magudanar ruwa ɗaya muke sha, wadda ke kawo mana ruwan dam ɗin Goronyo a noman rani. Don kada a riƙa faɗa, dattawa suka yi wata yarjejeniya tun muna yara: garin da ya riƙe kujerar kansila, ɗaya garin ne zai riƙe makullin ƙofar ruwa. Ba a haɗa wa gari ɗaya duka biyun. In zaɓe ya zo sai a yi musaya gaban liman, a shafa Fatiha, kowa ya kama gabansa.

Shekaru da yawa makullin yana hannun baffana, ƙanen mahaifina. A wata ƙusa yake rataye shi a zaurensa. Mutum ne mai faɗa, amma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa ya tauye wa wani ruwa ba. A wannan shekarar layi ya zo kanmu, gari ya ce shi zai tsaya kansila.

Ni ne ɗan bokon gidan, malamin firamare, mai biro biyu a aljihu. Da aka ji an liƙa sabon tsarin mazaɓu a sakatariya, Baffa ya kira ni.

"Malam, tahi ka dibo muna takardar ga. Ka karanta da kyau, kahin in ba da makulli."

Abokina na tsallaken fadama ya ɗauke ni a babur ɗinsa. Tare muka yi makaranta, kwano ɗaya muka sha fura. Muka tarar da takardu biyu a allo, an danne su da ƙusa ɗaya. Ta sama ta nuna sunan mazaɓarmu yadda yake, ga sunan Baffa cikin 'yan takara. A ƙasansa akwai wani ɗan garin su abokina a wata jam'iyya. Na tambaya.

"Wanga? Cika takarda na kawai," in ji shi. "Taho mu tahi, yau kasuwar Wurno, kada nama shi ƙare."

Na kai hannu zan ɗaga takardar in ga ta ƙasa, ya riga ya tayar da babur yana matsa mini oda. Sai na sake ta. Jama'a, tsire ne ya ɗauke mini hankali, ba wani abu ba. Na dawo gida da maiƙo a baki na ce wa Baffa komai lafiya lau.

Ranar Juma'a aka taru. Baffa ya sauko da makullin, ya goge shi da bakin rigarsa, ya miƙa wa dattijon tsallake. Liman ya ja Fatiha, muka shafa. Ina kallon mutanen tsallake suna shafawa tare da mu, har da ce wa Baffa "Allah shi ba Alhaji sa'a".

Ranar zaɓe gari ya fito kwansa da kwarkwatarsa. Tsofaffin da ba su iya tafiya a amalanke aka kawo su. Ni ne wakilin Baffa a rumfar, na zauna ina hura hanci. Da malamin zaɓe ya ajiye akwati, sai na ga an rubuta sunan wata mazaɓa a jikinsa, ta can babban gari wajen hanyar Rabah. Na ce masa ya yi ɓatan hanya. Ya zaro takarda ya nuna mini, irin ta ƙasan nan da ban duba ba. An cire rumfarmu daga tsohuwar mazaɓa an liƙa ta a waccan. Duk ƙuri'ar da za mu dangwala can za ta tafi, inda ko sunan Baffa ba su sani ba. Baffa ɗan takara ne a mazaɓar da shi kansa ba zai iya zaɓen kansa ba.

Na yi ihu, na buga tebur, na ce sai an dakatar. Malamin zaɓe ya ce shi aiko shi aka yi. Kafin la'asar labari ya iso: mutanen tsallake sun zuba wa ɗansu ƙuri'a kaf, wancan na cika takarda.

Washegari dattawanmu suka je karɓo makulli. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa, sannan dattijon tsallake ya ce, "Mu mi munka yi? Gwamnati ta yanka, ba mu ba. Makulli kau da Fatiha anka ba mu shi, ba mu warware Fatiha."

Wannan maganar ita ta fi ƙona mini rai. Sun san abin da ke cikin takardar tun kafin su ɗaga hannu su shafa. Wanda ya zauna a ofis ya ja layi da biro bai san ya raba gari da ruwansa ba, ko tambaya bai yi ba, shi ma ban yafe masa ba. Amma su sun sani. Abokina ya sani, shi ya sa ya tuna da kasuwar Wurno.

A ranin nan sai sun ƙoshi ake buɗe mana ƙofa. Albasarmu ta tsaya kamar ƙwan zabo. Baffa, wanda ya raba wa gari biyu ruwa, ya koma tsayawa bakin magudana yana jiran a ga dama.

Na so ya zage ni, ko ya ɗaga mini hannu. Abin da ya yi kawai, wata safiya a zaure ya dube ni ya ce, "Malam, takardun nan nawa na?"

"Biyu, Baffa."

"Nawa kak karanta?"

"Guda."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da jan carbinsa. Bai sake tayar da zancen ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ko takardar maganin tari aka ba ni sai na juya bayanta, har matata na yi mini dariya. Abokina kuwa muna gaisawa a jana'iza, iyakarta ke nan. Mutane na ce mini abu ya wuce, in yi haƙuri. Na ji, amma makullin har yau yana tsallake. Bara da za a yi wa zauren Baffa sabon yaɓe, magini ya kai hannu zai zare ƙusar nan, na ce ya bar ta inda take.