Malam Bawa, Wanda Ya Riƙe Mana Jirgi

Ina bakin ruwa a Yelwa da hantsi, muna ɗaure jirgin tserenmu, sai ga kiran Usman, ɗan Malam Bawa, daga Wara. Ya ce, "Yaya Sani, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Bawa, wanda ya koya mini riƙon filafili tun ina sakandare, ya je duba ƙanwarsa ne zazzaɓi ya kwantar da shi, ashe ajali ne ya kira shi can.

Malamin motsa jiki ne. Da ya yi ritaya sai ya tara samarin masunta yana horar da su tseren jirage, ni ina mataimakinsa. Ba ya barin bakin ruwa sai ya ga kowa ya sa wani abu a cikinsa. Yakan ce, "Tuƙi yaga nama yake yi, abin da ka ci bayansa shi ka ɗinkewa."

A kan wannan ɗinkin muka saɓa bana. Shi yana ba yara garin furotin a dama da nono, in babu a ci kifi da wake. Ni kuwa na kawo amino, wani sinadarin gina jiki wanda ake narkawa a ruwa, na dage cewa ya fi saurin shiga jiki, yana kuma rage tsamin jiki washegari. Ya juya robar aminon ya karanta, ya ce, "Sani, wanga naka ƙusoshi ne zalla. Furotin kuwa katako ne da ƙusarsa. Ka taɓa ganin an gyara jirgi da ƙusa kaɗai?" Na ce, "Malam, kafin katakonka ya iso, ƙusata ta shiga." Ya yi dariya har da tari.

Mu muna dariya, yara kuwa suka ɗauki abin da zafi. Suka rabu biyu, 'yan gari, wato masu shan garin furotin, da 'yan amino, har suka daina cin abinci a tire ɗaya. Manyan matuƙanmu biyu suka fara maganar komawa jirgin wata unguwa, ga gasa ta ƙarato. Wallahi na ga ƙungiyar tana shirin watsewa.

Sai Malam ya ce ruwa zai raba gardama. Ya jera 'yan gari a dama, 'yan amino a hagu, ya ce jirgi zai karkata wajen waɗanda ƙarfinsu ya gaza. Shi ya zauna a baya inda ya saba, da filafilin saita hanya. Kullum mu fita, kullum jirgi ya tafi sambal. Yara suka gaji da jiran a kunyata wani, suka koma tire ɗaya. Ni dai ban gamsu ba. Na ce, "Malam, anya?" Ya ce, "Bari mu gama gasa, in hwaɗa maka abin da ni gani." Gasar ba ta same shi ba, kuma wannan magana tana ci mini rai har yau.

Bayan addu'ar bakwai muka koma ruwa, kowa a gefensa, muka bar gurbinsa ba kowa domin babu wanda ya iya zama. Ba mu yi nisa ba jirgi ya karkata dama. Kafin 'yan amino su buɗe baki ya dawo hagu, sannan ya shiga juyi da mu a tsakiyar kogi. Wani yaro ya ajiye filafilinsa ya ce, "Ashe Baba ne ka riƙe da mu." Babu wanda bai yi hawaye ba. Har yanzu ban san abin da ya gani ba, kuma ban samu na ce masa na gode ba.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Inna Hajo da Usman da ƙannensa haƙurin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari. Yadda ya miƙe mana hanya bisa ruwa, ya Allah Ka miƙe masa tasa zuwa Aljanna. Amin.