Teburin da Ka Yi wa Fararen Ƙafafu

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, ka faɗi a bakin shagonka na walda, ba ka ƙara tashi ba. Mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma. Ƙanena, ka tafi ban sauke fushin da na riƙe ka da shi ba, fushin shekara shida a kan teburin cin abinci.

Ni ne mai karatu a gidanmu. Shekara talatin da biyu ina zana gadoji da gine-gine a ofis, da na yi ritaya aka sallame ni da agogon bango. Kai kuwa daga aji huɗu ka bar makaranta, ban kuma gaji da tuna maka ba. Da muka shirya haɗa tebur da benci biyu da hannunmu, ni na zana komai: katako mai kauri, baƙaƙen ƙafafun ƙarfe, kusurwoyi masu kaifi. Mako uku muna goge katako da samfefa a tsakar gida, kana tsokanata wai hannuna bai san nauyin komai ba sai na fensir.

Sai ka yi gaban kanka. Ka kankare kusurwoyin har suka yi sumul. Ka shafa wa ƙafafun farin fenti. Ka haɗa bencin da teburin da sandar ƙarfe ta ƙasa, ka yi musu walda, ba mai iya jan su gaba ko baya. Na ce ka mayar mini da falo ɗakin asibiti. Ka yi dariya ka ce, "Yaya, ai ba a kan takardar za ka zauna ba. Zauna tukuna ka ji." Na ce wannan jahilci ne. A gaban matarka na faɗa.

A lokacin idona ya fara dushewa, ina ɓoyewa, ina zaton ba wanda ya sani. Ashe ka gano tun ranar da na riƙe tef ɗin awo a juye, ina karanto maka lamba da ka. Farar ƙafa ina iya hango ta. Bencin da ba ya motsi yana nan inda na bar shi. Kusurwar ba ta taɓa sarar ƙuguna ba. Na gane daga baya, amma bakina ya ƙi buɗewa in ba ka haƙuri, kai ma ba ka nema ba.

Ka rufa mini asiri. Kullum kafin ka buɗe shago sai ka biyo, wai shayi ka zo sha, ka jera mini ƙwayoyin magani a gefen teburin, na safe daban, na rana daban, na yamma daban. 'Ya'yana sun daɗe suna so in bar gidan nan in koma wajen babban ɗana, wani ɗakin baya a hawa na uku. Duk sanda suka tayar da maganar sai ka ce, "Ku bar mini yayana, garau yake. Ya fi ku gani."

Yau kwana tara ke nan. Kwalaben maganin duk iri ɗaya suke a hannuna, ina sha ina fargaba. Ina tsoron murhun gas, ina tsoron matakalar ƙofa. Wannan rubutun ma da alƙalami mai kauri nake yin sa, layi biyar a shafi. Jiya babbar 'yata ta zo, na tashi zuba mata shayi, sai na ji yana kwarara a kan katako, gefen kofi. Ta goge. Ta fita ƙofar gida ta kira ɗan'uwanta a waya, na ji tana cewa: "Baba fa ba ya gani." Sun ce ranar Asabar za su zo da mota.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da abokan sana'arka, Allah ya ba su haƙuri. Matarka kuma, ina roƙonta ta yafe mini kalmar da ta ji daga bakina, tunda kai ba ka nan balle in roƙe ka.

Ni dai na rasa ƙanena, na rasa idona, ranar Asabar kuma zan bar gidana.