Ranar da Mushe Ya Ƙi Sa Hannu

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, na masu lambu a Madarumfa, ba nisa da tabki. Ɗaki guda ne, da ordinater guda, kwamfuta ke nan, da muke lulluɓewa da zane kamar jariri. Aikinta raba layin ban ruwa, domin injin jan ruwa ɗaya ne, masu lambu kuwa da yawa, kuma kowa gani yake albasarsa ta fi ta kowa ƙishi.

Tsarin da ke raba layin ba mallakar kowa ba ne. Yawo yake a disket daga biro zuwa biro, wanda ya iya ya buɗe cikinsa ya gyara, a rubuta sunansa a ƙasa. Ni kuwa sunan nan nake so, ba na ɓoyewa. Buga takardu aka ɗauke ni yi, da naci na koyi rubuta wa na'ura umarni, kuma cikin masu gyaran duka babu mace ko ɗaya.

Sai dai gyara ba ya shiga disket sai ya wuce ƙofa biyu. Ta farko gwaji ne da na'urar ke yi da kanta: shin kowa ya samu ruwa a mako, shin ba a haɗa mutum biyu lokaci guda ba. Ta biyu, dole wani ya duba ya sa hannu. Mai dubawa a wurinmu tsohon malamin lekol ne, wato makarantar boko, Kirista daga Maraɗi, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci.

Da yake wuta ba ta zama, Mushe ya fito da tasa hanya. Mukan fita gindin iccen bedi, ya ja layukan kwanakin mako a ƙasa, ya zuba tsakuwa a madadin masu lambu. Ni in karanta umarnina da ƙarfi, shi ya zama na'ura, ya yi abin da na faɗa kawai. Wata rana na manta ban rubuta inda za a tsaya ba, bawan Allah ya yi ta jera tsakuwa har bakin katanga, fuskarsa ko murmushi babu, masu gadi na ta dariya. Ina kewar wannan wauta tasa ƙwarai.

Gyarana na farko na kirki a kan Juma'a ne. Masu lambu sun yi ta kukan layinsu na faɗawa lokacin masallaci. Na rubuta a tsallake tsakar ranar Juma'a, wanda abin ya shafa a mai da shi inda babu kowa. Gwaji ya wuce lafiya lau. Ranar kuwa motar da ke kai disket Maraɗi sau ɗaya a wata tana ƙofa, shofer na shan shayi.

Na ce, "Mushe, na'ura ta yarda, sa hannu kawai."

Ya ce, "Ta yarda, ni ban ji ba tukuna. Mu tahi gindin icce."

Na karanta ina sauri, yana matsar da tsakuwa a hankali kamar mai tsince shinkafa. Duk waɗanda na ɗauke daga Juma'a sai suka zube a safiyar Lahadi. Ya ɗaga guda ya ce, "Wagga wa ce?"

Na duba, ashe wata gwauruwa ce mai noman ganyen salati, mijinta ya rasu ya bar mata lambu da ƴaƴa. Ita ma ƴar coci ce.

"Kin hid da ta daga lokacin sallar wasu, kin kai ta lokacin tata," in ji shi. "Ko ta bar coci, ko salati ya bushe."

Raina ya ɓaci. Na ce gwaji bai ga laifi ba, a bari ya tafi, wata mai zuwa in gyara.

"Gwajin bai san ta ba, ƙanwata. Mu muka san ta."

Shofer ya danna oda, ya sake dannawa, ya tafi da tsohon disket. Na shiga ciki na yi kukan haushi, washegari ko gaisuwarsa da ƙyar na amsa.

Da na huce muka zauna. Na sake rubutawa yadda kowane mai lambu zai faɗi lokacin da ba a kiransa, Mushe kuma ya sa na ƙara gwaji sabo, wanda zai tsai da komai in aka taka lokacin wani. Watan gaba ya duba, ya ce, "Ya shiga." Sunana ya hau mota. Ba a daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki, ban sake zama da mai duba aiki irinsa ba.

Wata Lahadi da safe na bi ta bakin lambuna. Inji na ta ruri a fegin wani dattijo, sai ga gwauruwar nan cikin atamfarta ta fita, ƴaƴanta na biye. Ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida, ta wuce tana sauri kada ta makara. Ba ta san an taɓa rigima a kanta ba, ni ma ban faɗa mata ba. Na tsaya ina kallon bayanta, daɗi ya cika ni fiye da ranar da na ga sunana.