Ɓeran Cikin Kwalla

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku, da bayan ludayi a jikin langa-langar da ta raba gidanmu da na maƙwabta. Da wannan 'yar ƙara aka fara, kuma ko zan manta da komai na zamana a Illela, ban jin zan manta da abin da ya biyo bayanta.

Haka muke kiran juna ni da maƙwabciyata, dattijuwa ce mai sayar da atamfa a cikin gida, Gwaggo nake ce mata. Ranar ina tsakar gida ina tankaɗe yaji da hantsi. Na leƙa ta ɓular da ke tsakaninmu, sai na ga ido ɗaya kawai yana ƙifce-ƙifce. Cikin raɗa ta ce akwai wata mata tana bin gidaje da faffaɗar waya kamar allon karatu, tana tambayar wa ke saye da sayarwa ta waya. Wasu sun ce 'yar haraji ce, wasu sun ce kwastan ne suka aiko ta, kuma duk wadda ta amsa za a toshe mata layi. Ita dai ta riga ta tura atamfofinta ƙarƙashin harawar awaki.

Ni ba na zuwa kasuwa, amma yajin tafarnuwa da nake dakawa ya fi ni yawo. In ɗauki hotonsa in ɗora a sitatus, mata su aiko da saƙon murya, mai mashin ya kai musu. Daga nan nake sayen sabulu da takalman yara ba sai na jira maigida ba. Idan aka toshe layin nan, an rufe mini shago ke nan, ga shi maigidan yana can kara, kasuwar dabbobi, ba ya jin kira a wannan hayaniya.

Matsalar ita ce ina tsoron ƙarya. Ɗiyata mai shekara bakwai tana gida ranar, mura ta hana ta zuwa makaranta, kuma ni ce kullum nake ce mata mala'iku na rubuta duk abin da baki ya furta. Sai na yi wa kaina fatawa: ba zan yi ƙarya ba, amma ba zan taimaka wa gaskiya ta fito ba. Na kashe ƙarar wayar, na jefa ta cikin babbar kwallar da ke ƙasan jerena, na mayar da murfi, na ɗora samiru huɗu a kai. Yarinyar tana zaune da majina tana kallona. Na ce mata kada ta ce uffan. Abin da na manta shi ne, wayata idan aka hana ta magana, rawa take yi.

Ba a jima ba aka yi sallama. Na zaci zan ga mai kaki da ɗaurarriyar fuska, sai ga wata baiwar Allah da hijabi ruwan toka, leɓɓanta sun bushe, takalminta ɗaya ya kusa tsinkewa. Hausarta ta Kano ce, irin ta rediyo. Tausayinta ya kama ni tun kafin ta zauna, na shimfiɗa mata tabarma a ɗaki, na kawo ruwan randa. Ta sha kofi biyu ba ta numfasa ba. Ta yi bayani cewa ƙidaya suke yi, ana son a san yadda masu ƙananan sana'o'i ke amfani da waya, ba a rubuta suna, ba ruwansu da haraji. Na ce a zuciyata, ai kura ma da sallama take shiga garke.

Ta tambaye ni ko ina da sana'a. Na ce ni matar gida ce, wanda gaskiya ne. Ta ɗaga yatsa za ta taɓa allon nata, sai kwalla ta fara gurnani. Murfi ya kama kaɗawa, samiru huɗu suka amsa, jere gaba ɗaya ya ɗauki kiɗa kamar ana kai amarya. Baƙuwa ta waiwaya ta ce mene ne wannan.

"Ɓera na," in ji ni da Hausarmu ta Illela.

Wallahi ban san lokacin da ya fito ba. Shekaru ina kiyaye harshena, ga shi ɓera ɗaya ya kwashe mini. Ƙarar ta tsaya. Sai ta sake tashi.

Baƙuwar ta danne dariya ta ce, "Hajiya, ɓeran naku akwai naci. Da kin ɗaga masa, ƙila ciniki ne."

Ban dubi matar ba, ɗiyata na duba. Ba ta ce komai ba kamar yadda na umurce ta, amma ta buɗe ido tana kallona kamar an musanya mata uwa. Wannan kallon ya fi mini toshe layi ciwo. Na tashi na sauke samiru ɗaya bayan ɗaya, na ciro wayar. Wata mai sayen yaji ce daga Ƙonni, tana cigiyar kwano biyu na suna. Na ce wa baƙuwa ta yafe mini, ta yi tambayoyinta, abin da Allah ya rubuta shi zai faru.

Tambayoyin kuwa ba abin tsoro a ciki. Ta yaya masu saye ke samuna, hoto nake turawa ko murya, layi nawa gare ni, sabis yana yanke mini ciniki ko a'a. A nan na saki baki, na ba ta labarin yadda nake hawa turmi a kusurwar gida don saƙo ya tafi. Da ta tambaya ko ina sayarwa ƙasar waje na ce ina ni ina ƙasar waje, iyakata Garu da Tozai da Ƙonni. Ta ajiye allon ta ce Ƙonni ai Nijar ce. Na ce Ƙonnin da ƙanwar babana take aure, da ake zuwa biki a dawo kafin la'asar? Ta ce ita fa, a wajensu ni mai fitar da kaya ƙetare ce. Na yi dariya har da hawaye, ni da turmina.

Sannan ta nuna mini abin da ya katse mini dariyar. Tun safe duk gidan da ta shiga an ce mata babu mai ciniki ta waya, a unguwar da kowace katanga akwai mai sayar da wani abu a bayanta. Ta ce ita abin da aka faɗa mata take rubutawa, in an ce babu, to babu za a kai gaba. Na ga yadda muka taru muka share kanmu da hannunmu. Na je na kira Gwaggo, ta shigo da ƙyar, harawa a ɗankwalinta, tana rantsuwa ita ko allura ba ta sayarwa, har sai da baƙuwa ta taya farashin atamfar da ke leƙowa daga hammatarta.

Ba a toshe layin kowa ba, ba kuma wanda ya zo karɓar haraji. Amma ni ban fita lafiya ba. Na gane cewa wanda ya ɓoye gaskiya yana cewa ba zai yi ƙarya ba, ya riga ya shimfiɗa mata tabarma, jira kawai yake ta yi sallama. Bayan la'asar ina kan dadduma ina istigfari, ɗiyata ta zo ta jingina da ni. Na ce mata na yi kuskure ɗazu, tsoro ne ya sa. Ta ja majina, ta yi tunani, sannan ta ce:

"To Inna, gobe in kin ji tsoro ki ce tsoro kike ji. Shi ɓera ba ya da bakin da zai ce ba shi na ba."