Azurfar Cibiya

Akuya na ce ya sayo mini. Ban ce zane ba, ban ce tasa ba, akuya ja mai ciki, wadda in Allah ya yarda kafin damina biyu za ta cika mini gida da kuka. Mijina ya daɗe a Kumasi yana dako, kuma tun kafin ya tafi muka yi wannan magana. Da ya dawo ƙauyenmu na gefen Buza, ba a jima da samun mulkin kai ba, sai ya zaunar da ni a ɗaki, ya kwance wani ƙulli daga aljihunsa, ya aza mini abu mai sanyi a tafin hannu.

Gurus ne, irin manyan kuɗin azurfa na mutanen da. A gefe ɗaya hoton wata ƙosasshiyar matar nasara ce mai haɓa biyu, a ɗaya gefen kuma tsuntsu mai kai biyu. Na juya, na sake juyawa.

"Ina akuyar?" na tambaye shi.

"Wagga ta hi akuya," in ji shi. "Ba ta cin dussa, ba ta mutuwa, kura ba ta ɗauka tata. Kullum ƙara tsada takai. Nasaru na biɗar irinta awa magani."

"Tana haihuwa?"

Ya kau da kai. Ni kuwa bakina ba ya ajiya, na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce mazan gari sun dawo da abin da ake gani, shi ya dawo mini da kishiyar ƙarfe wadda ko daka ba ta iyawa. Sai da na gaji ya yi magana, a hankali, idonsa a ƙasa.

"Shekarar da duk damana taƙ ƙi, wagga ka tsaida ni gida. In saida ta, mu sai hatsi. Ba ni ƙara barin ki."

Nan na gane abin da yake nufi. Yana can Kumasi ɗanmu na fari ya rasu, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kuma sai da aka share makoki da daɗewa labari ya iske shi. Bai taɓa yi mini maganar ba sai ta wannan hanya. Na karɓi azurfar na saka ta cikin wata 'yar tukunya a ƙarƙashin gado, ban sake cewa akuya ba.

Uwar mijina ce ta fara fito da ita. Maƙwabciyarmu ta haifi ɗa mai cibi, ya fito tsololo kamar ɗan yatsa, in ya yi kuka har kumbura yake yi. Tsohuwar ta duba ta ce a zamaninsu azurfa ake ɗaurawa, sanyinta da nauyinta suna mayar da shi ciki. Ta juyo ta dube ni, don ba abin da ke ɓoyuwa gare ta a gidan nan. Na ɗauko. Ni na rungumi jaririn, ni na aza masa azurfar a ciki, na naɗe da ƙyalle. Rabona da in riƙe jariri haka tun ɗana da ya rasu, kuma da aka zo karɓarsa na ƙi sakinsa da wuri.

Daga nan magana ta bazu. Duk wadda ta haifi mai cibi sai ta aiko, har daga Deule an zo a kan jaki. Ban yarda kowa ya ɗaura ba sai ni, kuma nakan bi gida gida in duba ko ƙyallen ya kwance, wai. Gaskiyar ita ce shekaru suna wucewa ban sake samun ciki ba, kuma wannan azurfa ta ba ni hujjar shiga kowane ɗakin jego in zauna har in ƙoshi.

Abin da ya kwana a cikin ɗan wani kuwa ba a aza shi a kan ɗan wata da dauɗa. Duk sanda ta dawo hannuna sai in dirje ta da toka da rairayi, in jiƙa ta a ruwan tsamiya, in sake dirjewa har ta riƙa ɗaukar ido. Mijina ya yi gunaguni da farko, ya ce wata rana za a ɓatar masa da dukiya. Amma in ya ga yadda take walƙiya sai ya yi murmushi, ya ce ko a Kumasi ba ta yi wannan kyau ba.

Akwai wata dattijiya Kirista, ungozoma a asibitin mishan, da takan zo ganin dangi a garinmu. Ta same ni ina ɗauri, ta ce, "Ɗiyata, wahala kikai. Cibi shi ka komawa da kainai in yaro ya tashi." Na ce to, na ci gaba da abin da nake yi. Ba a yi wata ba ta aiko a ara wa jikanta, wai surukarta ce ta matsa. Da ta dawo da ita muka dubi juna muka yi dariya.

Wajen ƙarshen shekarun nan ruwan sama ya ɗauke, alhali hatsi yana cikin fitar da kai. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. A shekarar ce kuma Allah ya tuna da ni, ciki ya fito. Maza suka fara ɗaure kaya za su tafi biɗa, wato ci-rani, mijina ya ce shi ba inda za shi, ranar azurfa ta zo. Na ce sai na bi shi Madawa, don ban yarda a cuce shi ba.

Mai sayen wani Alhaji ne da ke da butiki, wato kanti, a bakin kasuwa, yana tara tsofaffin kaya yana kai wa nasaru a Yamai. Ya karɓa, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, wa ya yi mata wanga aiki?"

Ya buɗe wani gwangwani ya fito da tasa, baƙa ƙirin da tsufa, ya jera su. A tasa ana ganin kowane silin gashin matar, har da ɗan abin da ta maƙala a kafaɗa. Tamu kuwa ba ido ba hanci, sai sumul kamar gindin ƙwarya. Ni da nake ganin ta kullum ban taɓa lura fuskar tana tafiya ba.

"Nasaru hoton suka saye," in ji Alhajin. "Wagga sai maƙera. Nauyinta kaɗai ni ka biya."

Abin da ya faɗa ba zai kai mu ko ƙarshen sanyi ba. Na ce masa ashe nasaru dauɗa suke saye, in haka ne ya zo in ba shi tsohuwar tukunyar miyata. Mutane suka yi dariya, mijina bai yi ba. Ya miƙa hannu ya karɓi abinsa, muka fito.

Duk hanya ina jiran ya ɗora mini laifi, na shirya amsa har da ta gobe. Bai ba ni wannan dama ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Sai da muka hango gari ya kamo hannuna ya saka azurfar a ciki.

"Aje ta. Wanda ac cikin ga na iya zuwa da nashi cibi."

Ya tafi da sauran maza. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, tsoron kada a sake aika masa da mugun labari. Ba wanda yake da wadata a ranin nan, amma da wuya rana ta faɗi ban ga wani yaro a bakin ƙofa ba, da 'yar fura a ƙoƙo ko ɗan ƙullin gari, yana cewa innarsa ta ce a kawo. Na san kowannensu tun daga ciki.

Na haifi ɗiya mace lafiya lau, kuma don a ƙure ni, cibiyarta a kwance take kamar an share. Na ɗaura mata azurfar duk da haka.

Hadari ya fara haɗuwa sanda mijina ya dawo, a rame, da ƙunshinsa a ka. Ina tsaye a ƙofar gida da goyo na ga yara sun yanyame shi tun daga bakin rijiya. Wani shaƙiyyi a cikinsu ya ɗaga riga yana nuna masa ciki, sauran suka kwaikwaya, suka rako shi har gida riguna a sama. Ya sauke ƙunshin, ya karɓi ɗiyarsa. Ya taɓa ƙyallen da ke cikinta, ya ji taurin abin da ke ƙasa. Sannan ya dubi yaran da suka cika mana tsakar gida, ya dube ni.

"Ke kika ce ba ta haihuwa."