Ranar da Kawu Ya Sa Shugaban Majalisa Riƙon Ƙwai

Shekara talatin da ɗaya kawuna yana kai ƙwai shaguna a kan keke, kiret goma sha biyu a baya, ɗaure da igiyar roba. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yi wa tsawa, amma taɓa kekensa ka sha mamaki.

Bara madubin wata bas ya make shi a kafaɗa. Ƙashi ya karye, ƙwai ya malale a kwalta, direban ko waiwaye. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya da duk gidan muke shakka, ta sa wa keken sarƙa da kwaɗo.

"Baba, in majalisar gari ta ƙi dokar nan, wallahi sayar da shi zan yi."

Dokar kuwa cewa take duk motar da za ta wuce mai keke ta bar masa tazarar mita ɗaya da rabi. Kawu ya rame, ba don karaya ba, don keke.

Ranar sauraron jama'a aka ba shi minti uku. Ni na rubuta masa jawabi, shafi biyu, har da alƙaluma. Bawan Allah ya ninke wahalata ya cusa a aljihu! Ya ɗauko kiret guda ya ɗora wa shugaban majalisa a hannu.

"Ranka ya daɗe, tsaya nan tsakanin kujeru. Kalli gabanka, kada ka waiwaya."

Ashe ya haɗa baki da amininsa mai faci, wani ƙato da sai ya karkace yake shiga ƙofa. Sai ga shi daga baya a guje, fuuu, har rigarsa ta shafi gwiwar hannun shugaba. Shugaba ya yi tsalle yana salati, ƙwai talatin suka tarwatse a kan takalmansa. Zaure ya kece da dariya, ni kam har da riƙe ciki.

"Wannan fa mutum ne, ranka ya daɗe," in ji Kawu. "Ni bas ce take min haka, tun safe har yamma."

Dariyar ta tsaya cak. Mako biyu bayan nan doka ta wuce.

Da aka buɗe kwaɗon muka bi shi bakin titi kamar 'yan rakiya. Ya hau yana tangaɗi, sai ga tirela a bayansa. Direban ya rage gudu, ya kauce can gefe, ya wuce a hankali.

Kawu ya dira daga keken yana ɗaga hannu biyu yana ihu, "Na gode! Na gode, ɗana!" Direban ya zaci zaginsa ake yi, ya leƙo ya rama. Kawu kuwa yana tsaye yana dariya, hawaye na bin gemunsa.