Mai Tsutsa a Ƙarƙashin Igiyar Shanya

Bayan rasuwar maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, ɗakinsa ya daɗe a rufe, har ƙanena ya ce in sa ɗan haya ko na riƙa jin motsin mutum a gida. Haka yarinyar nan ta shigo, siririya, da gilashi a ido, ta rungume wani kwali kamar jariri.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne, a gefen teburinsa ta tashi, shi ya sa hannunta ba ya rawa. Da safe tana koyar da yara, da rana ta wuce ɗakin gwaji na jami'a, ta dawo yatsunta sun yi rawaya kamar ta taɓa rini. Abinci kuwa sai na tsaya a kanta.

Abin da ke cikin kwalin wasu 'yan siraran robobi ne, kowanne bai kai yatsa ba. Ba batir, ba waya. Ta haska wa ɗaya tocila, ya lanƙwasa baya. Ta kashe, ya miƙe, ya ɗan matsa gaba. Na ja da baya ina salati.

"Inna, ba rai gare shi ba," ta ce tana dariya. "Haske ne ke sa robar ta tsuke. So nake rana kaɗai ta ishe shi tafiya, ko a inda babu lantarki."

"To, Allah ya ba shi ƙafa," na ce.

Maƙwabciyata da ta leƙo ta gani ta sa mata Mai Tsutsa, sunan kuma ya bi ta.

Damuwarta ɗaya: abin ba ya tafiya sai ana kunnawa ana kashewa. In ta sa shi a rana sai ya dunƙule ya tsaya, kamar tsoho mai ciwon baya. Farfesan da ke duba aikinta ya ce in zango ya ƙare bai taka da kansa ba, za a ba wani gurbinta. Na sha jin ƙarar makunnin tocilar nan ta bayan labule, ƙyas, ƙyas. Ban san karatunta ba, sai dai in sa ta a sujada.

Wata rana bayan azahar ta fito ta jefar da ɗaya a tsakar gida, ta zauna a bakin ƙofa ta kifa kai a gwiwa.

"Inna, na gaji. Gobe zan ce wa Farfesa ya ba wanin."

Na ci gaba da shanya. Iska na kaɗawa. Can sai na ga wani abu yana rarrafowa kusa da tabarmata, na cire takalmi na ɗaga.

"Inna, kar ki kashe min shi!" Ta riƙe min hannu.

Muka tsaya muna kallo. Zanen da na shanya ne iska ke kaɗawa. In inuwarsa ta rufe abin sai ya miƙe, in rana ta dawo ya lanƙwasa. Tafiya yake, ba wanda ya taɓa shi. Ta kwanta rub da ciki da kayanta masu kyau, hancinta kusan a ƙasa.

"Inuwa yake nema," ta ce a hankali, "ni kuma ina ta ƙara masa haske." Sai ta ɗago. "Amma ai ba zan kai wa Farfesa wankinki ba."

"Da na ara miki har da igiyar."

Almakashina ta ara. Ta yanko baƙar takarda ta manna masa a ka kamar bakin hula, don in ya lanƙwasa ya yi wa bayansa inuwa da kansa. Na farko hular ta yi masa nauyi ya faɗi. Na gaba ta yi ƙarama. Kwanaki ina share gutsattsarin baƙar takarda har cikin kicin.

Ranar da ta kai wa Farfesa, tun daga yadda ta turo ƙofa na gane, amma na tambaya.

"Ya yi nisa?"

"Bai fi tsawon tafin hannu ba, Inna, sai ya kife. Amma da kansa ya je. An ce in ci gaba."

A tsaye a tsakar gida ta kira mahaifinta a waya, tana ɗaga murya don kunnensa ya yi nauyi, tana maimaita masa, "An bar ni, Baba! Na ce an bar ni!" Ni kuwa na ɗauki buta, don la'asar ta fara wucewa.